Shekarar da Shamuwa Ba Ta Sauka a Kukarmu Ba

A da, idan aka harbi wani abu a jejin garinmu, kowa sai ya ji. Bindigar toka ba ta iya ɓoye kanta. Za ta yi ƙara, duwatsu su amsa, tsuntsaye su watse, mata su fara ɗauraye akushi. Yanzu kuwa ana harbi a saman kanka kana zaune, ba za ka sani ba sai abin ya faɗo.

Haka ta faru da ni a bazarar nan. Ina kishingiɗe a gindin darbejiyar ƙofar gidana a Kazaure, bayan azahar, zafi ya hana kowa motsi, ko 'yan adaidaita sun nemi inuwa sun kashe inji. Sai kurciya ta faɗo a gefen tabarmata. Ba ta yi fuffuka ba. Idonta a buɗe, ƙirjinta na ɗagawa a hankali, ga ɗigon jini a wuya. Na ɗaga kai na ga 'yan'uwanta suna nan zaune a reshe, kamar ba a rage kowa a cikinsu ba.

Sai ga maƙwabcina Malam Nura, malamin makaranta, ya zagayo da sauri, bindigar iska a kafaɗa, 'yar wuƙa a hannu. Ya durƙusa ya yanka ta tukuna, sannan ya gaishe ni.

"Baba, a gafarce ni, ban lura kana nan ba."

Na ce, "Malam Nura, yaushe aka koma farauta?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tun da albashi ya daina ganin tsakiyar wata, Baba. Nama yanzu sai dai mu gaisa da shi a kasuwa, kowa ya kama gabansa."

Na ƙura wa bindigar nan ido. Na taɓa ganin irinta, a irin wannan bazara, shekara arba'in ko kusa da haka.

A shekarar ne na dawo gida bayan na daɗe ina bin motocin goro da na shanu. Na zauna Agadas, na zauna Yamai, na taɓa Abijan, na ƙare a Kumasi. Na iya Zabarmanci, da Faransancin tasha, da ɗan yaren Ashanti wanda zai saya mini abinci. A Gana na fara ganin kuɗi suna lalacewa a hannun mai su, har mai sabulu ta ƙi sayarwa da safe saboda ta san da yamma zai fi tsada. Na ɗauka ciwon na can ne. Da na iso ƙauyenmu, a gindin duwatsun da ke tsakanin Roni da Gwiwa, sai na tarar ya riga ni zuwa.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba. Ɗan hatsin da ya rage kuwa ana lodinsa zuwa Babura, daga can ya haye iyaka, domin sefa ta fi kuɗinmu nauyi. Kwanon awo bai sake ba, amma mai awo ya daina yi masa tsororuwa, sai ya shafe bakinsa da tafin hannu yana kallon gefe. Sabulu a yanka shi gunduwa-gunduwa. Sukari a cokali. Kananzir a murfin kwalba. Idan ka yi ciniki ka ce bari ka zagayo, in ka dawo sai a ce ai wancan farashin na ɗazu ne.

Na sauka a gidan Baffa Ilu, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Matarsa Inna Hajo ita ke riƙe da tukunya, kuma a idonta nake karanta yadda rumbu yake. Da safe kunu, wanda kullum yake ƙara tsinkewa har kana iya ganin gindin ludayi. Da rana kwaɗon yaɗiya ko busasshiyar tafasa, da ɗan ƙuli-ƙuli idan an samu. Da yamma tuwo, rabinsa dusa, da miyar kuka wadda ba ta san mai ba. Ƙanzo ba a bar wa kaji, jiƙa shi ake yi. Duk da haka da hantsi muna fita sharar gona da gayya, yau ta wane gobe ta wane, muna tara kara muna ƙonewa. Gayyar da a da ake dama mata fura a ƙwarya babba, a shekarar nan ruwan tsamiya ake kawo mana.

A bayan ɗakin Baffa akwai wani ɗan ƙaramin rumbu da aka liƙe bakinsa da laka. A ciki damin iri yake, zaɓaɓɓun zangarniyun gero da Baffa ya ware da hannunsa tun a kaka. Shi ke nan abin da muke da shi. Idan aka shuka shi ya ƙone a ƙasa, babu na biyu, domin iri a kasuwa ya fi ƙarfin kowa a garin. Na sha ganin Inna Hajo tana daka, ta tsaya da taɓarya a sama, tana kallon rumbun nan, sannan ta kau da kai.

Baffa yana da ƙa'ida a kan iri, kuma duk garin ita ake bi, saboda shi ne babba a harkar noma. Ba ya fasa lakar nan sai shamuwa ta sauka a kan kukar da ke tsakiyar gari. Duk shekara, gab da damina, tsuntsayen nan masu baƙin baya da farin ƙirji sukan zo su gyara tsofaffin sheƙunansu a kanta. Ba mai jifansu, ba mai cin su. Baffa yakan ce ruwan da ya riga shamuwa zuwa ruwan yaudara ne: ya jiƙa ƙasa, ka zuba iri, ya ɗauke, rana ta gasa tsiron. Ya taɓa yin asarar iri ta haka yana saurayi, bai manta ba. A ƙasar Zabarmawa na ga su ma suna duban tsuntsun nan, amma ban ga inda aka ɗora masa amana kamar garinmu ba.

Akwai kuma wata al'adar. Maharbinmu Jatau yana da bindigar toka, kuma duk gidan da aka ji ƙararta yana da rabo a abin da ta kashe. Ba roƙo ba ne. Mace za ta aika da akushi ƙofar gidansa, a sa mata ko da ƙashi ne da ɗan romo. Jin ƙarar shi ne haƙƙinka. A shekarar nan albarushi ya yi tsadar da Jatau ya rataye bindigarsa a bango, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Jeji ya yi shiru.

To a cikin shirun nan ne abubuwa suka fara.

Da farko kurciyoyi ne. Garinmu da kukansu ake wayewa, da shi ake yin la'asar. Sai aka lura yana raguwa. Wata mata tana jan ruwa a rijiyar bayan gari da tsakar rana, ta ce ta ga hasbiya ta saki reshe ta faɗo kamar an tsinke zare. Ta ajiye guga ta zagaya ta ɗauka, ba ta tarar da komai ba sai gashi biyu da ɗan jini a kan yashi. Ta bar tulunta a can ta dawo gida da gudu.

Sannan ƙanshi. Da ƙwalelen rana, lokacin da ƙasa ke rawa a ido, kowa yana kwance a zaure yunwa ta hana shi barci, sai iska ta kawo ƙanshin gasasshen nama daga wajen duwatsu. Ya zo, ya wuce. Inna Hajo ta fito tsakar gida tana shinshina, ta dube ni.

"Sani, ka ji abin da na ji?"

"Na ji, Inna."

"Nama ba ƙarar bindiga? Jatau bai harba ba, ba wanda ya yi yanka a garin nan. To wa ke gashi a cikin dutse da rana tsaka?" Ta tofa addu'a a cikin rigarta. "Kar ka sake ka bi ta can."

Mutane suka fara cewa mazauna dutsen ne su ma yunwar ta taɓa. Masu itace suka daina zuwa wajen sai da safe, kuma a ƙungiya. Ni da na yi yawo, na so in yi musu dariya, amma ban yi ba. Wata rana na tsaya a bakin gari na kasa kunne, ban ji tsuntsu ko ɗaya ba. Zafi kawai, da ƙarar jinina a kunne.

Ana haka hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta ɗebe jinkar wani ɗaki, sama ta yi baƙi, aka kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kwazazzabai suka kawo. Ƙanshin ƙasa ya cika gari. Washegari na tona da yatsa a gona, laima ta wuce tsawon hannuna. Ƙauyukan da ke kewaye da mu duk suka fita da sungumi.

Maza suka taru a gindin kuka suna kallon sama. Sheƙunan bara suna nan, baƙaƙe, a wargaje, ba kowa a ciki.

Wani ya ce, "Baffa, ruwan nan fa ya isa shuka."

Baffa ya nuna kukar da sandarsa. "Kun ga mai gida ya iso?"

"Bai iso ba."

"To ni ban ga damina ba. Wanda yake da irin zubarwa ya je ya zubar. Nawa ɗaya ne."

Ba wanda ya je. Kowa nasa ɗaya ne.

Ranar kasuwar Babura na bi mota don in sayar da wata riga da na zo da ita daga Kumasi. Tun kafin mu isa na fara ganin shamuwa a kan itatuwan ƙauyukan hanya, suna ɗauko kara a baki, suna gini. Gonaki sun fara yin kore-kore. Na dawo na gaya wa Baffa.

"Ta Babura ruwan Babura take gani," in ji shi. "Sau nawa aka yi ruwa a Gwiwa mu ko yayyafi? Tamu ta san abin da ta gani ta ƙi zuwa." Amma muryarsa ba ta da ƙarfin da na sani. Da na fito na hango shi tsaye a gaban ɗan rumbun, ya ɗora tafin hannu a kan lakar.

Laima tana ta nutsewa. Inna Hajo ta daina yi wa Baffa maganar shuka, ta koma yi masa maganar yara, cewa in dai ba za a zuba irin nan a ƙasa ba, to a zuba shi a turmi.

Na san shamuwa in ta zo ba kan kuka take fara sauka ba. Akwai wani tafki a bayan dutse inda takan yada zango ta ci fara da kwaɗi, sannan ta shigo gari. Na ce bari in je in duba ko da sawunta ne. Na tafi da tsakar rana, don kada Inna ta gan ni.

Suna nan. Ban ƙirga ba, amma ba su da yawa, suna tsaye a bakin ruwa kamar tsofaffi a wurin zaman makoki. Zuciyata ta yi sanyi, har na juya zan ruga in kai labari. Sai na ga ɗaya ta lanƙwashe ƙafafu ta kwanta a hankali, wuyanta ya miƙe a kan laka. Ba tsawa, ba hayaƙi. Abin da na ji kawai wani ɗan sauti ne, tas, kamar an taka busasshen kara. Sauran suka ɗaga kai, suka duba, suka ci gaba da kiwo.

Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Amma kunnena ya riga zuciyata gane sautin. Na taɓa jin sa a Abijan, a wani filin wasa, inda 'ya'yan masu hali suke harbin gwangwanaye da ƙaramar bindiga don a ba su kyautar alewa. A can abin wasa ne.

Wani mutum ya fito daga tsagin dutse a sunkuye, da wuƙa a hannu. Habu Tela ne, abokin wasana tun muna kiwon awaki.

Ya yanka ta, ya ɗago, ya gan ni. Bai gudu ba.

"Ɗan Kurmi," in ji shi, don haka yake kirana. "Kai dai ba ka iya zama wuri ɗaya ba."

"Tela, shamuwa?"

"Kurciya ta ƙare."

Ya nuna mini bindigar, ta iska ce. Ana karya ta a tsakiya, a sa mata 'yar ƙwayar darma wadda ba ta fi ƙwayar dawa ba, a mayar. Ba albarushi, ba wuta. Ya ce wani mutumin Nijar ne ya ba shi ita a Babura, shi kuma ya ba shi keken ɗinkinsa.

"Keken naka?"

"Wa ke ɗinki? Tun bayan Sallah ko facin wando ba a kawo mini ba. In ci allura?"

A cikin tsagin dutsen na ga murhun duwatsu da toka, da tarin gashi baƙi da fari wanda iska ke motsawa a hankali. A nan yake figewa ya gasa, ya kai gida a cikin riga, ya ce wa matarsa agwagwar ruwa ce.

Na ce, "Gari duka yana jiran tsuntsun nan ya shuka, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka wasu za su zo. Kullum sai in ce wannan ce ta ƙarshe. Ba sa tashi, Sani. Ko kusa da su ka je ba sa tashi, ba su san ana kashe su ba." Ya share gumi. "In da tana ƙara, gida nawa zan raba wa tsuntsu ɗaya? Ƙaramar 'yata ƙafafunta sun fara kumbura."

Tare muka shigo gari, shi ya ɗauko tsuntsun a hannu. Da muka bi ta gindin kuka mutane suka miƙe tsaye. Ya ajiye ta a gaban Baffa ya durƙusa. Na ciro ƙwayar darmar na sa wa Baffa a tafin hannu. Ya juya ta, ya juya ta.

"Wannan ɗan abin?" Ya dubi Habu. "Wannan ne ya hana ni shuka?"

Na zaci zai sa a karya bindigar. Jatau ma abin da ya ce a yi ke nan. Baffa ya tashi ya shiga gida, ya fito da bakin tsohuwar fartanya da ta cinye, da wani guntun ƙarfe, ya miƙa wa Habu.

"Shamuwa ka bar ta har abada. Sauran kuwa, yunwa ce, ban hana ka ba. Amma tunda bindigarka ba ta da murya, ga murya. Duk abin da ka kayar, ka buga wannan mu ji."

A yammacin nan ya fasa lakar rumbu. Sai dai laima ta riga ta tafi, dole muka jira wani ruwan, shi kuma ya yi nawa. Ranar da muka fita da sungumi, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna takewa da diddige, geron maƙwabtanmu ya kai gwiwa. Mun yi noma da cikin da ba komai, muna tauna ɗanyar rama a bakin kunya. A cikin daminar nan, da tsakar rana, sai ka ji ƙarfe yana amsawa daga cikin duwatsu, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai ka ga mata sun fito da akushi. Wani lokaci fiffiken fakara ɗaya ne rabon gida guda. Inna Hajo takan jefa shi a miya ta ce ko ƙanshin ma wani abu ne.

Ruwa ya ɗauke da wuri. Na maƙwabta ya nuna. Namu ya fitar da kai ya tsaya, zangarniya doguwa ba ido, in ka murza sai ƙaiƙayi. Abin da muka tara bai kai mu tsakiyar rani ba. Samari da yawa suka tafi cirani a shekarar, wasu ba su dawo zama ba, har da Habu, wanda ya sayar da bindigar ya yi kuɗin mota zuwa Ikko. 'Yarsa ta rayu, tana aure a Roni yanzu. Shi dai ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Masu itace sun daɗe suna cewa suna jin ƙarfen nan da rana tsaka bayan tafiyarsa. Ni ma na ji shi sau ɗaya, shekarar da na je jana'izar Baffa, daga wajen tafkin. Akwai makiyaya a wurin, kuma kowa na iya buga ƙarfe. Amma na ga wata tsohuwa ta leƙo daga ƙofar gidanta da akushi a hannu, ta tsaya, sannan ta koma ciki.

Duk wannan ya zo mini ne Malam Nura yana tsugune yana goge wuƙarsa da ganyen darbejiya. Na ce masa, "To Malam, ina rabona? Ai a gefena ta faɗi."

Ya yi dariya sosai, ya ɗauka wasa nake yi. "Haba Baba, kurciya ɗaya? Ai ko ji ba ka yi ba."

Gaskiya ya faɗa, ban ji ba. Ya sa ta a jakar leda, ya yi mini sallama, ya bi bayan katanga yana duban rassan sama.

Shamuwa tana zuwa ƙasar nan har yanzu, ina ganinta a hanyar Babura duk farkon damina. Amma tun daga shekarar nan ba ta sake sauka a kukar garinmu ba. Mutanenmu yanzu rediyo suke saurara su yi shuka, kuma ba a ƙara aika akushi gidan kowa ba.